Ƙarfin aro: yadda tsoffin mujallun zane na Amurka suka riƙa nuna jarumai mata

A shekarar 1943 mujallar Wonder Woman ta fito da bangon da ya ja hankali. Jarumar na tsaye a kan dandamali, magoya baya sun kewaye ta da alluna, tana neman kujerar shugaban ƙasar Amurka. Shekara shida bayan haka, a 1949, sai ga ta a bangon Sensation Comics fitowa ta 94, saurayinta Steve Trevor ya ɗauke ta cak yana tsallaka rafi da ita, tana murmushi. Wannan fa macen da yara suka saba gani tana ɗaga mota da hannu, tana kare harsashi da awarwaronta, ita ce kuma ta tsamo wannan Steve ɗin daga halaka tun a labarinta na farko.

Mutane da yawa da suka san waɗannan jarumai ta fina-finai sun ɗauka abin ya taho ne daki-daki: da can mace ba ta da katabus a labari sai ihu da jiran mai ceto, sannu a hankali ta samu sarari har aka kawo yau. Tarihin mujallun bai goyi bayan wannan ba. Matan da aka zana tsakanin 1940 da 1945 sun fi na 1960 ƙarfin hali nesa ba kusa ba. An ba su ƙarfin ne lokacin da ƙasa da kasuwa ke buƙatar hakan, da buƙatar ta wuce aka karɓe abin. Zanen aro kuwa, an ce, ba ya rufe katara.

Lokacin rububi

Harkar ta kankama ne a 1938, da Superman ya bayyana a Action Comics. Mujalla ɗaya senti goma ce, mai shafi 64, kuma ta karɓu fiye da zaton masu ita. Nan take ƙananan kamfanonin ɗab'i na New York suka yi ca, kowa na neman nasa jarumin mai ɓoye fuska. A cikin wannan rububi babu wanda ya zauna ya tsara yadda jaruma mace za ta kasance, shi ya sa aka samu iri-iri, har da waɗanda bayan shekara goma sha biyar babu editan da zai yarda a buga su.

A 1940 kaɗai an samu Woman in Red, 'yar sanda mai suna Peggy Allen wadda ta gaji da tafiyar hawainiyar doka ta riƙa sa jar riga tana bin masu laifi da bindiga. An samu Fantomah, kyakkyawa mai farin gashi wadda idan ta fusata fuskarta ke rikiɗa ta zama ƙoƙon kan gawa, ta yi wa azzalumai hukuncin da ko mazan jarumai ba sa yi. Amma wadda ta fi burge ni a wannan shekara ita ce Ma Hunkel, da Sheldon Mayer ya ƙirƙira. Uwa ce mai jiki, 'yar unguwar talakawa, mai shagon kayan masarufi. Da 'yan daba suka addabi unguwa, sai ta kifa tukunyar girki a ka, ta huda mata idanu biyu, ta sa doguwar rigar sanyi ta ciki, ta fito da sunan Red Tornado tana jibgar su. Jama'ar unguwa duk sun ɗauka namiji ne. Labarin barkwanci ne, amma an zana mace mai ƙarfi ba tare da an damu ko tana da kyau ba, abin da aka daɗe ba a sake gani ba.

A 1941 aka ƙaru da Black Cat, 'yar fim ɗin Hollywood mai suna Linda Turner da ta iya judo da tuƙa babur, da Phantom Lady, 'yar wani sanata, mai wata fitila da ke watsa duhu a idon abokin gaba. Za ka lura yawancinsu 'ya'yan masu kuɗi ne da zaman gida ya gundura. Marubutan sun fi samun sauƙi da haka: tana da lokaci, tana da mota, kuma babu mai zargin 'yar gata da fita tsakar dare. Wani abin dariya da ake yawan maimaitawa shi ne saurayin jarumar, wanda sau da yawa ɗan sanda ne ko jami'in gwamnati, ba ya gane ta, ko da ɗan abin da ta rufe fuska da shi bai kai tafin hannu ba.

A cikin wannan jerin, Miss Fury ta fita daban, domin mace ce ta ƙirƙira ta, ta rubuta, ta zana. Sunanta June Tarpé Mills, amma ta cire June daga sa hannunta don kada masu karatu su gane mace ce. Labarin ya fara fita a jaridun ranar Lahadi a watan Afrilun 1941, ya yi kimanin shekara goma yana tafiya. Jarumar, Marla Drake, ba ta son rigar fatar damisar da take sawa, sai dole ta kama. Tana da tsoro, tana yin kuskure a soyayya, ta ɗauki yaro riƙo ba ta da aure, tana kuma fafatawa da 'yan leƙen asirin Jamus. In ka karanta ta tare da sauran, bambancin a fili yake: ita mutum ce da abubuwa ke damu, sauran kuwa galibi sutura ce da aka ɗora wa suna.

Akwai wani ɓangare da bai kamata mai karatu ɗan Afirka ya tsallake ba. Macen da ta fara samun mujallar kanta, a 1942, ita ce Sheena, wadda ake wa laƙabi da sarauniyar daji. Baturiya ce mai farin gashi da ke mulkin wani dajin Afirka na ƙage, baƙaƙen mutanen da ke kewaye da ita kuwa an zana su ko dai masu biyayya da tsoron tsafi, ko miyagu. Wato ƙarfin da aka ba mace a lokacin na farar mace ne, kuma a wasu labaran a kan baƙar fata aka gwada shi. Sai a 1973 kamfanin DC ya kawo baƙar jaruma Nubia, Marvel kuma ya kawo Storm a 1975, wadda aka ce mahaifiyarta 'yar Kenya ce.

Mutumin da ya zo da manufa

Wonder Woman ta bayyana a ƙarshen 1941, daidai lokacin da Amurka ke shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda ya ƙirƙira ta, William Moulton Marston, masanin halayyar ɗan Adam ne da ya yi karatu a Harvard, yana kuma cikin waɗanda aikinsu ya kai ga na'urar gano maƙaryaci. Igiyar jarumar, wadda duk wanda aka ɗaure da ita dole ya faɗi gaskiya, ba daga sama ta faɗo ba. Marston ya yi imani cewa mata sun fi maza dacewa da mulkin duniya, ya kuma rubuta cewa ko 'yan mata ba za su so zamansu mata ba muddin siffar macen da ake nuna musu ba ta da ƙarfi. A gidansa akwai mata biyu masu ilimi da suka yi tasiri a kan jarumar: matarsa Elizabeth Holloway, wadda ta karanci shari'a, da Olive Byrne, wadda mahaifiyarta da innarta Margaret Sanger fitattun 'yan gwagwarmayar mata ne.

Labaran farko, da H. G. Peter ya zana, sun yi abin da ba a saba ba. Jarumar ce ke ceto namiji. Tana da ƙawaye 'yan jami'a ƙarƙashin jagorancin Etta Candy, gajeruwa mai ƙiba mai son alewa, waɗanda ke shiga faɗa da hannunsu. Ba ta cika kashe abokan gaba ba, ta fi son gyara musu hali. Kowace fitowa kuma na ɗauke da wasu shafuka na tarihin fitattun mata na gaske, irin su Florence Nightingale da Sojourner Truth, aikin da tsohuwar zakarar wasan tanis Alice Marble ta fara kula da shi.

Sai dai a cikin waɗannan labaran akwai abin da ya hana mutane sakewa tun a lokacin. Da wuya ka buɗe fitowa ba ka ga an ɗaure mace da sarƙa ko igiya ba. Raunin jarumar ma shi ne idan namiji ya haɗe awarwaronta da sarƙa, ƙarfinta ya tafi. Marston ya ce alama ce: dole a ga mari kafin a ga an tsinka shi, kamar yadda masu fafutukar ƙuri'ar mata suka riƙa zana mace tana karya sarƙa. Wannan gaskiya ne, amma ba duka gaskiyar ba ce, domin ɗaurin ya yi yawa, an kuma zana shi dalla-dalla ta yadda kowa ya san akwai masu sayen mujallar don shi. Wata matashiyar edita a kamfanin, Dorothy Roubicek, wadda daga baya aka fi sani da Dorothy Woolfolk, ta nemi a rage. Marston ya yi biris da ita. A riƙe sunan wannan mata, za mu sake cin karo da ita.

Wani abin kuma shi ne zancen sakatariya. A 1942 aka tambayi masu karatu ko a sa Wonder Woman cikin ƙungiyar jarumai ta Justice Society, mafi yawansu, har da yara maza, suka ce a sa ta. Aka sa ta, amma a matsayin mai rubuta bayanan taro. Maza su tafi fagen daga, ita da ta fi kusan dukkansu ƙarfi ta tsaya tana yi musu fatan alheri. Masu kare kamfanin na cewa akwai ƙa'idar da ta ce duk jarumin da ya samu mujallar kansa sai ya koma ɗan ƙungiya na girmamawa, kuma jarumai maza Flash da Green Lantern ma hakan ta same su. To, amma su ba a miƙa musu alƙalami da littafin taro ba.

Yaƙin ne ya buɗe ƙofar, a takarda da kuma a zahiri. Miliyoyin mata sun shiga masana'antun ƙera jirage da harsasai, kusan dubu 350 sun sa kakin soja. A ɗakunan zane ma, da aka kwashi maza zuwa fagen fama, mata irin su Lily Renée, wadda ta tsere wa 'yan Nazi daga Vienna, da Barbara Hall da Ruth Atkinson suka karɓi fensir. Wata ɗalibar Marston, Joye Hummel, ta rubuta labaran Wonder Woman da dama daga tsakiyar shekarun 1940 ba tare da sunanta ya fito ba.

Da sojoji suka dawo

Bayan 1945 kasuwar jarumai ta faɗi, maza da mata. Kamfanoni suka rabu gida biyu wajen neman kuɗi da jarumai mata, kuma duka hanyoyin biyu sun rage musu daraja.

Hanya ta farko ita ce sayar da jiki. Sojoji sun saba karanta mujallun a barikoki, sun dawo gida manya, ana so a riƙe su. Phantom Lady ta koma hannun kamfanin Fox a 1947, aka rage mata sutura ƙwarai. Mai zanen, Matt Baker, baƙar fata ne, ɗaya daga cikin na farko da suka yi suna a harkar, kuma gwani ne na gaske. Amma bangon fitowa ta 17, inda jarumar ke fama da igiyar da aka ɗaure ta, ba don a nuna jarumtarta aka yi shi ba. Blonde Phantom ta 1946 kuwa da doguwar jar rigar biki da takalmi mai tsini take bin ɓarayi, da rana kuma sakatariyar wani mai bincike ce da take mutuwar so.

Hanya ta biyu ita ce soyayya. A 1947 Joe Simon da Jack Kirby suka fito da Young Romance, ta yi kasuwa sosai, kowa ya bi. Dokar gidan waya ta sa buɗe sabuwar mujalla na cin kuɗin rajista, don haka kamfanoni sai su canza wa tsohuwa suna su ci gaba da lambarta. Da haka Blonde Phantom ta wayi gari ta zama Lovers a 1949. Mujallar Moon Girl, ta wata gimbiya mai yaƙi da miyagu, ta koma Moon Girl Fights Crime, daga nan ta zama A Moon, a Girl... Romance, jarumar ta ɓace, aka bar wata da budurwa da soyayya. Marston ya mutu a 1947, Wonder Woman ta koma hannun Robert Kanigher, daga baya aka cire shafukan tarihin fitattun mata aka sa na al'adun aure da biki.

Sannan aka shiga zamanin tsoro. Iyaye da malaman coci suka ɗora wa mujallun laifin lalacewar yara, har aka riƙa tara su ana ƙonawa a harabar wasu makarantu a 1948. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafinsa Seduction of the Innocent a 1954, ya sa wancan bangon na Phantom Lady a ciki a matsayin hujja. A kan wannan yana da abin faɗa. Amma ya wuce nan: ya ce Wonder Woman abar tsoro ce ga yara maza, mugun misali ce ga 'yan mata, yana zarginta da ƙawayenta da alamun maɗigo, Batman da yaronsa Robin kuma da na luwaɗi. A 2012 wata mai bincike, Carol Tilley, ta duba takardunsa ta gano ya sassauya maganganun yaran da ya kafa hujja da su. Amma a 1954 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya saurare shi, kamfanonin suka tsorata suka kafa wa kansu hukumar tace mujallu. Cikin ƙa'idojinta akwai cewa a zana mata ba tare da zuzuta sassan jiki ba, labaran soyayya kuma su fifita darajar gida da alfarmar aure. Ƙa'idar farko ta rufe wa jarumai jiki, wanda ba laifi ba ne. Yanayin da ya haifar da ita kuwa ya rufe musu baki. Catwoman, ɓarauniyar da Batman kan bari ta tsere saboda tana burge shi, ta ɓace daga 1954 har 1966, domin yanzu dole mai laifi ya ɗanɗana kuɗarsa.

Jan baki da hoda

Jarumai matan da aka ƙirƙira bayan wannan kusan duk reshen wani namiji ne. Batwoman ta zo a 1956, kuma masu tarihin harkar da yawa na ganin an kawo ta ne don a wanke Batman daga zargin Wertham. Sunanta na ainihi Kathy Kane, tsohuwar 'yar wasan tsalle-tsalle ce da ta gaji dukiya, ta iya faɗa. Amma inda Batman ke da ɗamara cike da kayan aiki, ita jakar hannu aka ba ta: hoda mai sa atishawa, madubin kwalliya mai kashe ido, awarwaro da ke zama ankwa. A ƙarshen labarinta na farko Batman ya gano maɓoyarta, ya nuna mata cewa aikin ya fi ƙarfin mace, ta amince ta ajiye. Ta dawo daga baya, amma rabin hankalinta na kan yadda za ta aure shi.

Supergirl ta sauka duniya a 1959 da ƙarfi irin na ɗan'uwanta Superman. Abin da ya fara yi mata shi ne kai ta gidan marayu, ya sa ta rufe gashinta da na kanti, ya hana ta nuna kanta har sai ya gamsu ta ƙware. Sai a 1962 ya gabatar da ita ga duniya. Lois Lane ta labaran Superman kuwa, wadda a 1938 'yar jarida ce mai tsaurin ido, ta samu mujallar kanta a 1958, inda mafi yawan labaran dabarun tilasta wa Superman aure ne.

Kamfanin Marvel, da ake yabo da kawo sabon salo daga 1961, bai tsira ba. Dubi irin baiwar da Stan Lee da Jack Kirby suka raba wa mata: Sue Storm ta ƙungiyar jarumai ta Fantastic Four ɓacewa take yi, Wasp ƙanƙancewa take yi, Jean Grey da tunani take motsa abu daga nesa, sau da yawa ta yanke jiki ta faɗi don gajiya. Maza na naushi, su suna gefe. A fitowa ta 11 ta Fantastic Four, a 1963, an nuna Sue tana kuka saboda wasiƙun masu karatu da ke cewa ba ta da amfani. Kariyar da jagoran ƙungiyar ya ba ta ita ce a tuna da mahaifiyar Abraham Lincoln, wadda ba ta yi yaƙi ba amma ta tarbiyyantar da gwarzo. Marubutan da kansu sun ga amsar ba ta gamsar ba, domin bayan kusan shekara guda suka ƙara mata ikon kafa katangar da ba a gani, wanda daga baya ya sa ta zama mafi ƙarfi a ƙungiyar.

Batgirl ta 1967 ci gaba ce ta wani fannin. Barbara Gordon, wato Batgirl ɗin, na da digirin digirgir, tana shugabantar laburaren birni, ba ta kuma nemi izinin Batman ba. Duk da haka, a bangon Detective Comics fitowa ta 371, Batman da Robin na tsakiyar dambe da 'yan fashi suna kiran ta, ita kuwa ta duƙa tana duba doguwar safarta da ta tsage, tana cewa tata matsalar ta fi tasu. A cikin labarin an bayyana cewa da gangan ta yage safar don ɓarayin su shagala da kallon ƙafarta. Wato ko da aka so a wanke ta, makamin da aka iya tuno mata shi ne jikinta.

Ni a ganina ba ƙiyayya ce ta musamman ta jawo wannan ba, lissafi ne. Editocin, kusan dukkansu maza, sun yanke cewa mai sayen mujallar jarumai yaro ne namiji, 'yan mata kuma an ware musu na soyayya. Da zarar an yi wannan rabo, aikin mace a labarin jarumai ya zama abin da ake zaton yaro ɗan shekara goma zai jure: ƙanwa, budurwa mai naci, ko wadda za a ceto. Da 'yan mata suka daina saye saboda babu abin da ya shafe su, sai aka ce ga shi nan, dama ba sa karantawa.

A 1968 cinikin Wonder Woman ya yi ƙasa, Denny O'Neil da Mike Sekowsky suka cire mata ƙarfinta da rigarta gaba ɗaya. Ta koma Diana Prince mai shagon kayan sawa, tana koyon faɗa a wurin wani makahon dattijo ɗan Sin. Su a nasu tunanin sun mai da ita mace mai dogaro da kanta, O'Neil kuma daga baya ya amsa cewa bai hango yadda mata za su ɗauki abin ba. Gloria Steinem, 'yar jarida mai fafutukar 'yancin mata, wadda ta tashi tana karanta labaran zamanin Marston, ta yi ta matsa wa kamfanin, ta kuma sa jarumar da tsohuwar rigarta a bangon mujallarta ta mata mai suna Ms. ta watan Yulin 1972. A wannan tsakanin Dorothy Woolfolk, wadda ta yi ƙorafin sarƙoƙi kusan shekara talatin baya, ta riƙe editancin mujallar na ɗan lokaci, ana sa ran ita za ta jagoranci dawowar. Ba a bar ta ba. Aka mayar da aikin hannun Kanigher. A fitowa ta 204, a farkon 1973, jarumar ta samu ƙarfinta da rigarta, kuma a shafukan farko na wannan fitowar wani ɗan bindiga daga saman bene ya harbe wata editar mujallar mata da Kanigher ya raɗa wa suna Dottie Cottonman, sunan da ke nuni ga Dorothy Woolfolk: Dottie taƙaitaccen Dorothy ne, an kuma musanya wool (ulu) da cotton (auduga).